Me "mataki na 2" ke nufi a takardar ɗana mai galahanga (autism)?

'Yar'uwa, kin tambaya ko "mataki na 2" da likita ya rubuta wa yaronki yana nufin haka zai dawwama. A'a, kwantar da hankalinki. Matakan galahanga uku ne, sun fito ne daga DSM-5, kundin da likitoci ke bi wajen gano larurorin ƙwaƙwalwa, wanda ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar a 2013, kuma yawan taimakon da mutum ke buƙata suke aunawa. Na 1 yana buƙatar taimako, na 2 mai yawa, na 3 mai yawan gaske. Ana auna mu'amala da mutane daban, maimaita ɗabi'u daban, don haka yaro ɗaya kan samu lamba biyu. Lambar kan sauya da shekaru da horo. Ni dai a ganina, ki tambayi likitan ɓangaren da ya auna.