Duba bayan keken kafin gabansa

Ka tambaye ni abin da za ka gaya wa mutumin da ke son keke guda ɗaya, ya riƙa zuwa wurin aiki da shi, ranar hutu kuma ya fita shan iska da iyalinsa, ɗan ƙaramin yaronsa a goye a baya. Ka ce da kai ne, wanda yake da shoka a gaba da giya 21 za ka nuna masa. Ajiye sifanar nan ka matso, yaro.

Irin keken dai ka gano shi, wato ruwa-biyu, wanda masu sayarwa ke kira haibirid. Manyan tayoyinsa da rashin nauyinsa daga keken tsere ya gado su, miƙaƙƙen kai da zama ba tare da duƙawa ba kuma daga keken hawan duwatsu. Trek na da FX, Giant na da Escape, Specialized na da Sirrus, ga wasu nan birjik. Sai dai sunan kaɗai ba zai raba maka gardama ba, don a cikinsu akwai wanda ya karkata ga gudu, akwai wanda ya karkata ga ɗaukar kaya. Mutumin naka na biyun yake buƙata, kuma daga baya ake gane shi.

Tsuguna ka dubi inda tayar baya ke shiga firam. Akwai ƙananan ramuka masu zaren ƙusa a nan, da wasu biyu a sama kusa da gindin sirdi? Su ne mazaunin kariya, wato ƙarfen ɗora kaya a baya, da madigadi. In babu su, duk kyan keken ka bar shi, domin kariyar da aka ɗaure da maƙalai tana iya jakar aiki, amma ni ba zan ɗora ɗan mutum a kanta ba. Kariyar kirki ana buga nauyin da take ɗauka a jikinta, da yawa kilo 25 ne, kuma cikin lissafin har da nauyin kujerar yaron kanta. Kujerun baya da aka ƙera bisa ƙa'idar Turai ta EN 14344 galibi daga kilo 9 zuwa 22 suke ɗauka. Saboda haka ka tambayi nauyin yaron kafin ka tambayi komai. Akwai kuma kujerar da ba a kan kariya take zama ba, a bututun da ke ƙarƙashin sirdi ake matse ta. Wannan tana son wuri fili a bututun, sau da yawa kuma wayar giyar gaba ce ke bi ta daidai wurin. Ka auna tun kafin a biya kuɗi. Firam na kabon kuwa kada ka soma matse masa irin wannan kujera, tsagewa yake yi.

Yanzu tayar bayan. Ita ke shan wahalar uba da ɗa da jaka, ita ce kuma za ta riƙa dawo maka da keken nan gyara. Giya 21 ɗin da ta burge ka uku ce a gaba, bakwai a baya, kuma a kekuna masu araha bakwai ɗin yawanci firiwil ne da ake murɗawa a jikin hob, wato cibiyar taya. A irin wannan ƙira, boris na ɓangaren dama yana can ciki, sai a bar doguwar sandar tsakiya a waje babu mai tallafa mata. Ɗora mata nauyi, a faɗa rami sau da yawa, sai ta lanƙwashe ko ta karye. Ka sha ganin tayar da ke rawa gefe da gefe, mu kwance mu tarar sandar ta rabu biyu, to sanadin ke nan. Ƙirar kaset, inda ake zura farantan giya a jikin hob maimakon murɗawa, wadda kusan duk keke mai giya takwas a baya zuwa sama ke da ita, ta tura boris ɗin can bakin sandar, shi ya sa take jure kaya. Ka ƙirga wayoyin tayar ma. 32 ba laifi, 36 ya fi ga mai goyo. Rim ya zama mai bango biyu. Kuma ka matsa wayoyin da hannu biyu-biyu ka ji ko ɗaurinsu ya yi daidai, don sabon keke ma yakan fito daga kwali da wasu a sake.

Wani abu da kwastoma ba ya tunawa sai ya isa gida: in an kafa kujera a baya, ba ya iya wurga ƙafa ta bayan sirdi kamar yadda ya saba, zai shuri yaron. Dole ta gaba zai tsallaka. Nan firam mai saukakken bututu ke da amfani. Wasu za su ce maka ai na mata ne. Ka bar su su faɗa, sannan ka ce su gwada hawa mai dogon bututu da buhun kilo 15 a baya yana motsi. Ƙari kuma, in tsayinsa da na uwargidan bai yi nisa ba, keke ɗaya zai yi musu, sirdi kawai za a riƙa ɗagawa ana saukewa.

Maganar tsayi gajeriya ce amma ba a ɗaga ƙafa a kanta. Ya tsaya da keken a tsakanin ƙafafunsa, tafin ƙafa a ƙasa, a sami sarari tsakaninsa da bututun sama. Ya hau sirdi, ya sa diddige a feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe sak. Ya kama kai ba tare da ya miƙe gwiwar hannu gaba ɗaya ba. Keken da ya yi wa mutum girma babu sifanar da ke gyara shi.

Sai shokar da ka so. Mai arahar da ake sa wa irin waɗannan kekuna sifirin ne kawai a cikin bututu, nauyinta ya haura kilo biyu, tana shanye ƙarfin mai tuƙi in ya miƙe yana hawan tudu, in ƙura da ruwa suka shige ta kuma sai ta ƙage ko ta yi ta kaɗa-kaɗa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. A kan kwalta da hanyar tsakuwa mai laushi, taya ce ke shanye girgiza. Karanta gefenta, za ka ga lamba kamar 37-622. Ta farko faɗin tayar ne a milimita, 622 kuma girman rim ne, wanda ake kira 700c. Tsakanin 35 da 40 ya ishe shi, muddin akwai sararin madigadi a sama. In ya samu mai kariyar huji a ciki irin Schwalbe Marathon, ya huta da faci a hanyar aiki, ko da yake ta ɗan fi nauyi. In hanyarsa duk ramuka ce da duwatsu, to wannan wata magana ce, sai mu sake zama.

Giya kuwa, manta da yawanta, da dama a ciki maimaici ne. Dubi mafi sauƙin. Babban faranti na baya ya kai haƙora 32 ko 34, yadda zai hau tudu a zaune da yaro a baya ba tare da keken na tangaɗi ba. Altus ko Acera na Shimano sun wadatar. Wanda garinsa shimfiɗe yake kuma ba ya son gyare-gyare, akwai giyar cikin hob irin Nexus mai 7 ko 8, tana canzawa ko a tsaye yake a danja, abin da mai goyo zai yi ta sa maka albarka a kansa. Aibinta, cire tayar baya don faci yana da ɗan ɗawainiya.

Birki na roba mai kama rim yana aiki, gyaransa kuma kowa ya iya, sai dai yana raguwa cikin ruwan sama kuma a hankali yana cin rim. Na faifai ya fi riƙo da kaya a jiƙe. In na faifai ne, duba ko kan birkin bai tare mazaunin kariya ba. In mai amfani da mai ne, ka gaya masa na Shimano man minaral yake sha, a zuba masa man birkin mota robobinsa sun lalace.

Kafin ya tafi da shi, kafa kujerar a gabansa, ka tabbata tana da shingen da zai hana ƙafar yaro shiga wayoyin taya. In sirdin mai sifirin ne a waje, a rufe shi saboda 'yan yatsu. Sa masa sitan mai ƙafa biyu, amma ka ja masa kunne kada ya saki keken da yaro a kai ko na ƙiftawar ido. Hular kwano biyu, tasa da ta yaron, da fitila gaba da baya. Sannan ka ɗaure wani abu mai nauyin yaron a kujerar, ya zaga da shi, ya taka birki, ya juya, ya sauka ya sake hawa. Ka ce masa ya dawo bayan 'yan makonni mu sake ɗaure wayoyin taya da na giya, don sababbi sukan saki.