Daga Ina Ƙananan Kifayen Kududdufi Suke Fitowa?

Tambaya: Malam, kududdufin bayan garinmu yana ƙafewa ƙurmus da rani har ƙasarsa ta tsattsage, amma da damina ta kankama sai yara su riƙa kamo ƙananan kifaye a ciki, alhali babu rafin da ke zuba masa. Dattawa suna cewa da ruwan sama suke saukowa. Mene ne gaskiyar lamarin? Daga wani manomi a karkarar Kiyawa, Jihar Jigawa.

Amsa: Ɗan'uwa, daga ƙasa suke fitowa. Akwai jinsin ƙananan kifaye da ke binne ƙwansu cikin laka kafin ruwa ya janye, iyayen su mutu, ƙwan kuwa ya kwanta watanni cikin busasshen taɓo har ruwan damina ya jiƙa shi ya ƙyanƙyashe. Wannan ya bambanta da dabarar gaiwa, wadda ita kanta take shigewa laka ta jira damina. Abin burgewa, ɗaya daga cikin waɗannan kifaye masu binne ƙwai sunan yankinku ya ɗauka, domin a 1928 wani masani Bajamushe ya laƙaba masa kiyawensis saboda kogin Kiyawa.

Danginsu na Amurka sun ƙware wajen jure wahala, wasu suna rayuwa a ruwan daɗi da ruwan gishiri baki ɗaya. Wani daga cikinsu, wanda bai kai tsawon ɗan yatsa ba, a ramin ruwa guda kaɗai yake zaune a hamadar Nebada, kuma a ƙidayar 2013 kifaye 35 kacal aka samu. A nan gida kuwa, ina ganin ya kamata masu haƙar ƙasar bulo su riƙa barin gindin kududdufi, tunda nan ƙwan yake kwance.