Amsa: hamonik na fitowa a siginal ɗin Si5351

Malam, ka ce ka saita Si5351, wato cip ɗin nan mai samar da siginal, a 7 MHz amma kana ganin wani siginal a 21 MHz, ko bod ɗin ne ya lalace. Lafiyarsa ƙalau wallahi, haka yake. Abin da yake fitarwa mai kusurwa huɗu ne, ba sumul ba, irin wannan kuwa dole ya zo da hamonik, wato ƙarin siginal a ninkin mitar asali, na 3, na 5, na 7, kuma na ukun bai fi desibel 10 ƙasa da asalin ba, shi ne 21 ɗin nan naka.

Maganinsa filta mai barin ƙananan mita su wuce ta tare manya. Yi mai koyil uku da kafasita huɗu, ka yanke wajen 8 MHz, kafasita ka nemi NP0 don sauran suna sauya ƙima in sun yi zafi, kai ma ka san Zariya a watan Afrilu. In babu a Sabon Gari sai ka yi oda. Wayoyi gajeru, koyil kar su kalli juna, in ba haka ba siginal zai tsallake filtar ta iska kana zaune kana mamaki.

Sannan filtar ta zo BAYAN amfilifaya mai ƙara wa siginal ƙarfi, in kana da shi, don shi ma in ka matsa masa sabbin hamonik yake haifa, rage masa abin da ke shiga.

Kafin ka sayi komai dai gwada wannan, sa atenuweta, wato mai rage ƙarfin siginal, na desibel 10 gaban na'urar awonka. In hamonik ya faɗi fiye da yadda asalin ya faɗi, to na'urar ce ka cika wa ciki, har take haifar da nata hamonik. Wace na'ura kake awo da ita ma tukuna?