Tambayi Likita: nutso a teku, bikin Holi da zazzaɓin zuwa gida Sallah

Assalamu alaikum jama'a. Wannan makon kusan duk saƙonnin daga mutanenmu mazauna waje suka zo, kuma uku daga ciki kan abu ɗaya ne, wato nutson nan da ake yi a teku da tulun iska goye a baya wanda ake ce wa sukuba. Na rage tsawon wasu tambayoyin, sunaye kuma na cire kamar kullum.

Tambaya daga Riyad: Likita barka da aiki. Shekarata huɗu ina aiki a nan, abokan aikina sun shirya mu je Sharm el-Sheikh ta Masar hutun Sallah mu yi sukuba, har na biya kuɗin jirgi. To an turo mana wani fom na lafiya mu cike, akwai wajen ciwon jini, ni kuma AS ne. Wani Bamisire a cikinmu ya ce in rubuta babu kawai kar su hana ni. Ya ka gani?

Amsa: Ɗan uwa kar ka bi ta abokin nan naka, shi ba jikinsa ba ne. Fom ɗin nan shi ne abu na farko da likitan wajen zai ɗauko ya duba in aka fito da kai daga ruwa ba ka iya magana, kuma in ka ɓoye abu inshora ma za su iya zame maka su ce ba su san zancen ba.

Ga yadda abin yake. Duk mita 10 da ka nutsa, matsin da ke kanka yana ƙaruwa da kwatankwacin duk nauyin iskar da muke ciki a doron ƙasa, wato a mita 10 ya ninka biyu, a mita 20 ya ninka uku. Ga sanyin ruwa, ga iskar tulun busasshiya ce ƙaƙas tana shanye maka ruwan jiki ba ka sani ba, ga fitsari da ruwa ke sa mutum ya dinga ji. Sanyi da ƙarancin ruwa a jiki da wahala, ai su ne dama suke tayar wa mai sikila da ciwo ko a kan gadonsa yake. Shi ya sa mai SS ko SC babu maganar sukuba gare shi kwata-kwata, ko da kuwa ya shekara goma bai kwanta asibiti ba. Mai AS daban ne, shi yana ɗauke da ƙwayar ne kawai, kuma yawancin likitocin nutso suna barinsa in dai jininsa bai yi ƙasa ba kuma ba shi da wani ciwon. Amma abin da nake so ka fara yi shi ne ka sake gwajin jinotaif ɗin a babban asibiti nan Riyad, don ni dai na sha ganin wanda aka ce masa AS ne tun yana sakandare, sai da aka zo maganar aure aka sake gwaji ya fito SC. In ya tabbata AS ne, ka je wa likita da fom ɗin ya duba ka ya sa hannu, ka sha ruwa sosai kafin shiga da bayan fitowa, kar ka wuce mita 12 da ake kai sabon shiga, kuma da ka ji sanyi ya fara shigarka ka yi wa malamin alama ku hau.

Wani abu kuma tunda Sharm za ku, za a yi ta tallata muku tafiyar dare zuwa hawan Dutsen Sina'i don ganin fitowar rana. Dutsen nan ya kai mita 2,285, hawansa bayan nutso daidai yake da shiga jirgin sama bayan nutso, bayanin yana amsar da ke ƙasa. In za ku hau, ku hau a farkon hutun kafin ku taɓa ruwa. In kuma wani ya ce ku je garin Dahab ku gwada ratsa ƙofar dutsen nan da ke can ƙasan ramin tekun da ake kira Blue Hole, ka ce masa a sauka lafiya, ta fi mita 50 zurfi kuma ta ci ƙwararru da yawa balle kai.

Tambaya daga Doha: Dakta ni da amaryata za mu Maldibs kwana biyar, mun yi bukin ɗin nutso kwana uku a jere, na ƙarshen ranar Alhamis da yamma, jirginmu kuma Juma'a ƙarfe tara na safe. Sannan madam ta ce al'adarta ta yi latti da kwana tara amma ba mu yi gwaji ba tukuna.

Amsa: To ango Allah ya sanya alheri, amma shirin nan naka yana da gyara biyu. Na farko ka fita yau ɗin nan ka sayo tsinken gwajin ciki a kemis. In akwai ciki, ko ma ana zargi ba a tabbatar ba, ba ta ba sukuba. Ɗan tayi jininsa ba ya bi ta huhu a tace shi kamar namu, don haka kumfar iskar da nutso ke tayarwa a jini, wadda jikin uwa zai iya tacewa, shi ba shi da wannan kariyar, kuma babu wani zurfi da aka tabbatar lafiya lau ne ga mai ciki. Ta sa tabarau da ɗan bututun numfashi ta yi iyo a saman ruwa, wallahi a Maldibs kifin da za ta gani daga sama ma ya ishe ta labari.

Na biyu lissafin jirginka bai yi ba. Iskar da muke shaƙa kusan kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, a nan sama shiga take ta fita ba ruwanta da kowa, amma a ƙarƙashin ruwa matsi yana tura ta ta narke cikin jini da tsoka. Ka ɗauki kwalbar lemo da ba a buɗe ba, ba ka ganin kumfa ko ɗaya, da ka fasa murfin da sauri sai ta taso fuu. Haka jini yake yi in aka rage matsi farat ɗaya. Shi ya sa ake hawowa a hankali, a tsaya minti 3 a mita 5 kafin a fito. Ko bayan ka fito akwai saura a jikinka da ke fita sannu a hankali, cikin jirgin sama kuma matsin iskar kamar na kan dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400 ne, ka ga an sake buɗe kwalbar kenan. Ƙa'idar da ƙungiyar DAN mai kula da lafiyar masu nutso ta bayar ita ce aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, aƙalla awa 18 in an yi da yawa ko kwanaki a jere, ni kuma ina ce wa mutane su cika 24 a huta. Kai daga biyar na yamma zuwa tara na safe awa 16 ne, bai ma kai ba, kuma in tsibirinku sai da ƙaramin jirgin nan mai sauka kan ruwa ake fita to lissafin daga shi zai fara. Ka soke na Alhamis da yamma kawai.

Alamun ciwon da kumfar nan ke jawowa kuma ku riƙe su: ciwon gaɓa musamman kafaɗa da gwiwar hannu, jin jiki ya yi dundurus ko kamar ana tsira allura, gajiya wadda ta wuce ƙima, jiri, kasa fitsari, ƙafa ta ƙi ɗaukar mutum. Littattafai suna maganar wani jan zane-zane a fata, to a fatarmu ba lallai ka gan shi ba, sai dai ƙaiƙayi ko zafi in an taɓa, don haka kar wani ya duba fatarka ya ce ba komai. Yawanci cikin awannin farko yake bayyana. A kwantar da mutum, a sa masa oksijin zalla, a kira masu ɗakin matsin iska, wato inda ake sa mutum a narkar da kumfar, nan take, ba a jira a ga ko zai wuce da safe. Kuma ka karanta takardar inshorarka da kyau, da yawa inshorar tafiya ba ta biyan hatsarin nutso sai an ƙara kuɗi, ɗakin nan kuwa tsada gare shi ba kaɗan ba.

Tambaya daga Kuala Lumpur: Salam likita, ni ɗalibi ne, mun je tsibirin Tioman na gwada nutso ina ɗan mura, tun da na fito kunnena na hagu a toshe yake kamar an cusa auduga, yau kwana biyar. Mamana ta ce in ɗiga man zaitun mai ɗumi.

Amsa: A gaishe da Mama amma wannan karon kar ka ɗiga komai, ko mai ko maganin kemis, sai an leƙa kunnen da fitila. Murar ce ta ja maka. Akwai wata 'yar hanya tsakanin bayan hanci da cikin kunne, ta nan iska ke shiga ta daidaita matsi in ka toshe hanci ka hura a hankali, mura kuma kumbura ta take ta rufe, sai ruwan teku ya yi ta danna fatar dodon kunne ciki har ruwa ko jini ya taru a bayanta, wani lokaci ma ta ɓule. Ni kaina da na gwada sau ɗaya a Hurgada ta Masar, mita uku kacal na yi na ji kamar ana soka min tsinken tsire a kunne, malamin ya riƙe ni a kafaɗa ya ɗago ni kaɗan ya nuna min hancinsa, na hura na ji ƙyas, sannan muka ci gaba. Daga mitan farko ake fara hurawa, ba a bari sai ya yi zafi, kuma ba da ƙarfi ba. Yawancin irin naka yana warwarewa cikin sati ɗaya zuwa uku, amma ka je kilinik ɗin makaranta gobe. In kuwa akwai jiri, ko ƙara tana yi maka a kunnen, ko jinka ya ragu sosai, to yau za ka nemi likitan kunne, don wannan yana iya zama can ciki ne kuma jinkiri kan jawo kurumta.

Wani kuma ya tambaya ko zai iya nutso yana azumi. Ta fannin lafiya ban ba ka shawara ba, ƙishirwa tana ƙara haɗarin kumfar nan. Hukuncin azumin kuma sai malamai.

Tambaya daga Indiya: Likita ina karatu kusa da Delhi, ina da asma. Bara lokacin Holi, bikin watsa kala, 'yan hostel suka shafe ni da kala, idona ya yi kwana uku ja, kuma na sha wata madara da suka ba ni na kwana kaina na juyawa zuciyata na bugawa. Ko aljanu ne?

Amsa: Ba aljanu ba ne ƙanina, ƙila tandai mai bang suka ba ka. Bang ganyen wiwi ne da ake niƙawa a zuba a madarar bikin, kuma tunda sha aka yi ba busawa ba sai ya ɗauki awa ɗaya ko biyu kafin ya kama mutum, shi ya sa ba ka haɗa shi da madarar ba. Bana duk wanda ya miƙo maka kofi ka tambaya, in ya yi dariya ka ajiye. Garin kalar kuma wasu na fure ne da garin masara, amma masu arha na kasuwa akan samu rinin masana'anta a ciki har da dalma. Ka shafa man kwakwa a fuska da hannu kafin ka fita, ka sa tabarau, in ya shiga ido kar ka murza, ka wanke da ruwa mai tsabta kamar minti 15. Inhelarka ta kasance a aljihu, ba a ɗaki ba. Amma ni Diwali, bikinsu na fitilu, ta fi ba ni tsoro a kanka, don tana zuwa ne Oktoba ko Nuwamba daidai lokacin da manoman Punjab da Haryana ke ƙona karan shinkafa, ga hayaƙin tartsatsin wuta, iskar Delhi ta zama kamar hazon hunturu da aka haɗa da hayaƙin bola. Kafin lokacin ka ga likita a duba ko kana buƙatar inhela ta kullum mai hana tashin ciwon, ka tanadi takunkumi N95, daren bikin ka rufe taga.

Tambaya daga Manchester: Dakta ina wuni. Shekarata tara a Ingila, kullum cikin gajiya nake da ciwon ƙashi musamman lokacin sanyi. Sannan muna so mu zo Kano Babbar Sallah da yara uku duk a nan aka haife su, maigida ya ce mu ba ma buƙatar maganin maleriya tunda da ita muka tashi.

Amsa: Lafiya lau Hajiya. Gajiyar nan ki je a auna miki bitamin D, a haɗa da yawan jini da na tayiroyid (maƙoƙo) a gwaji ɗaya. Daga Oktoba zuwa Maris ranar Ingila ba ta da ƙarfin sa fata ta haɗa shi, ga fatarmu baƙa tana buƙatar rana fiye da tasu, ga hijabi, ga zaman gida. Hukumar lafiyarsu ta NHS da kanta ta ce irinmu mu dinga shan maikurogiram 10 kullum duk shekara. In gwajin ya nuna ya yi ƙasa sosai za su ba ki mai ƙarfi na 'yan makonni.

Shi kuma Alhaji ki gaya masa likita ya ce bai canka ba. Ɗan juriyar da muke da ita ta maleriya cizon sauro na yau da gobe ne yake riƙe ta, in an bar gida tana dusashewa, bayan shekara tara kam kar ya dogara da ita, yaran kuwa ba su taɓa samunta ba sam, daidai suke da 'ya'yan Turawa. Yawancin maleriyar da ake kamawa a asibitocin Ingila ma a jikin masu zuwa ganin gida ake samunta, ba 'yan yawon buɗe ido ba. Ga shi Babbar Sallah 'yan shekarun nan farkon damina take faɗowa. Ku je wajen likitanku ko kilinik ɗin matafiya sati huɗu zuwa shida kafin tafiya. Cikin magungunan rigakafin maleriya, Malarone ana fara shi kwana ɗaya ko biyu kafin a tashi a ci gaba har kwana 7 bayan an dawo, na yara da nauyinsu ake aunawa. Doxycycline ya fi arha amma sai an yi sati 4 ana sha bayan dawowa, kuma ba a ba ƙananan yara da mai ciki. Ku taho da gidan sauro ko a tanadar muku, da man shafawa mai korar sauro, kar ki ji kunyar dangi su ce kin zama Baturiya. Katin rigakafin shawara ma a duba na kowa. Bayan kun koma, duk wanda ya yi zazzaɓi ko da bayan wata uku ne ko fiye, a kai shi asibiti a ranar, kuma tun a bakin kanta ki ce musu daga Najeriya kuka dawo a yi gwajin maleriya, don in ba ki faɗa ba mura za su ce su sallame ku da farasitamol.