Hukuncin Sallar Jana'iza Ga Wanda Ciwon Damuwa Ya Kai Shi Ga Kashe Kansa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena ya yi kusan shekara yana fama da ciwon damuwa, ya daina fita kasuwa, ya daina shiga mutane, daga ƙarshe ya kashe kansa. Limamin unguwa ya ƙi jan sallarsa, sai wani dattijo ya ja. Yanzu ana ta cewa ɗan wuta ne. Mahaifiyarmu ta daina cin abinci, kullum cewa take da ma ita ce ta tafi. Sallar ta inganta? Za mu iya yi masa addu'a da sadaka?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙansa, Ya ba ku haƙuri.

Sallar ta inganta, kuma da ma farilla ce a kan jama'ar unguwar. Kashe kai babban zunubi ne, Allah Ya hana shi a Suratun Nisa'i, aya ta 29, amma ba ya fitar da mutum daga Musulunci. A Mudawwana, Imam Malik ya ce a sallaci wanda ya kashe kansa, a yi masa duk abin da ake yi wa mamatan Musulmi. Haka yake a Risala, wadda ake karantarwa a zaurukanmu, kuma a kan haka Abu Hanifa da Shafi'i da mafi yawan malamai suke.

Hujjar liman ita ce hadisin Jabir ɗan Samura da Muslim ya ruwaito, cewa an kawo wa Annabi (SAW) gawar wani da ya kashe kansa bai sallace shi ba. Malamai sun ce ya janye ne don tsawatarwa, bai hana sahabbai ba. Sai dai a ganina tsawatarwar ba ta da gurbi a nan, domin marar lafiya ne. An ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe, kuma ciwon damuwa idan ya yi tsanani yana toshe tunani har mutum ya ga babu wata mafita. Iyakar abin da ya rage na hankalinsa a wannan lokaci, Allah kaɗai Ya sani.

Masu yanke masa wuta su ji tsoron Allah. Muslim ya ruwaito labarin mutumin da ya yi hijira tare da Ɗufailu ɗan Amru, ya kwanta ciwo a Madina, ya kasa jurewa, ya ji wa hannunsa rauni har ya mutu. Ɗufailu ya gan shi a mafarki an gafarta masa saboda hijirarsa, amma hannuwansa a lulluɓe. Da aka faɗa wa Annabi (SAW) sai ya ce: "Ya Allah, har hannuwan nasa Ka gafarta musu." Wanda Annabi ya roƙa wa gafara, wa zai hana ku roƙa wa irinsa? Ku yi masa addu'a da sadaka, ku biya masa bashi idan akwai.

Abin da ya fi gaggawa a tambayarki shi ne Hajiya. Kuka da baƙin ciki ba laifi ba ne, Annabi Yaƙub ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari. Amma ƙin abinci da fatan mutuwa a gidan da aka yi irin wannan rashi alama ce da ba a wasa da ita. Kada ku ce mata ba ta da tawakkali, wannan ƙara mata nauyi ne. Wanda ta fi sakewa da shi ya tambaye ta a fili, cikin taushi: "Hajiya, kina tunanin cutar da kanki?" Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, sauƙi ma take kawowa. Idan ta ce eh, kada a bar ta ita kaɗai ko da dare, a kwashe maganin ƙwari da na ɓera da tarin ƙwayoyi daga gidan, a kai ta asibiti a ranar. Ko ta ce a'a, idan rashin barci da ƙin abinci da ƙaurace wa mutane suka wuce mako 2 ba sauƙi, ta ga likitan ƙwaƙwalwa. Akwai asibitocin wannan fanni a Dawanau ta Kano, da Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri.

Zuwa can ba ya nufin hauka, kuma bai saɓa wa tawakkali ba, domin Annabi (SAW) ya yi umarni da neman magani. Nana A'isha ma takan sa a dama wa masu makoki talbina, kunun garin sha'ir, saboda ta ji ya ce tana rage wani sashe na baƙin ciki. A haɗa ruƙiyya da azkar da maganin likita, kada ɗaya ya kori ɗaya. Inda aka fi kuskure shi ne gaggawa: maganin yakan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a ga canji, sai a ce bai yi ba a watsar. Wasu kuma da an ji sauƙi sai a daina, ciwon ya dawo, alhali yawanci ana ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan samun sauƙi, likita ne kuma ke rage shi a hankali. Maganin ya zauna a hannun ɗayanku, yana ba ta na kowace rana, a kuma ƙara sa ido a makonnin farko.

Wallahu a'alam.