Tambayi Kawu: Mu kwana a harabar kanti ko mu biya kuɗin zango?

Tambaya: Assalamu alaikum, Kawu. Ni 'yar Zariya ce, shekarata huɗu a Houston. Maigidana zai ɗauki hutun mako guda a watan Yuni, ya ce za mu ɗauki hayar motar nan mai ɗaki da kicin a ciki, wadda suke kira RV, mu kai yara Grand Canyon, shahararren kwarin nan na jihar Arizona. Mu shida ne: ni da shi da yara uku da mahaifiyarsa da ta zo mana ziyara. Wani abokin aikinsa ya ce masa kada ya ɓarnatar da kuɗi a wuraren kwana, wai manyan kantunan Walmart na barin mutane su kwana a harabarsu kyauta. Shi dai ya hau ya zauna, ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya. Da gaske ne? In da gaske ne, ya dace da irinmu?
Maman Sadik, Houston, Amurka

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Abokin aikin nan bai yi ƙarya ba, sai dai rabin zancen ya kawo. Walmart da kansu sun ce suna barin masu irin wannan mota su kwana, amma manajan kowane kanti shi ke da wuƙa da nama, gwargwadon faɗin filinsa da dokar garin da yake. Ba su ba da wuta, ba su ba da ruwa. Gidajen abinci na Cracker Barrel da wasu kantunan Cabela's su ma sukan bari. Inda gizo ke saƙar shi ne dokar gari. Garuruwa da dama, musamman a Kalifoniya da wuraren da 'yan yawon buɗe ido ke cika, sun hana kwana cikin mota a harabar kasuwanci, ko da manajan ya so.

Ni na koyi wannan ne da ƙarfe biyu da rabi na dare. Muna dawowa da iyali ta New Mexico, barci ya ci ƙarfina, na hango wata harabar kantin kayan masarufi da motoci irin tamu guda biyu a can gefe. Ban tambayi kowa ba, na bi yarima a sha kiɗa. Ban daɗe da runtsawa ba sai ga ƙwanƙwasa a jikin ƙofa, ƙwas ƙwas ƙwas, da hasken tocila ta labule. Maigadi ne. Bai yi tsawa ba, ya dai nuna min allon da na wuce a bakin shiga ban karanta ba, ya ce minti goma sha biyar ko a kira janwe. Haka na tayar da mota ido jawur, yara na kuka, na ƙara tuƙin kusan awa guda kafin na samu wurin hutawar gwamnati a bakin hanya. Uwargida ba ta ce uffan ba daren nan. Amma har yau in na dage kan wata dabarar tsimi, sai ta ce, "Alhaji, ko daren New Mexico za mu maimaita?"

Saboda haka in za ku gwada, tun da la'asar a bugo wa kantin waya, a nemi manaja, a rubuta sunan wanda ya ce to. In kun isa ku tsaya can ƙarshen fili inda masu sayayya ba sa zuwa. Kada a buɗe rumfar mota, kada a fito da kujeru, kada a hura wuta. Ku shiga ku sayi burodi da madara ko da ba ku buƙata, ai yaba kyauta tukuici. Gari na wayewa ku kama hanya. Kuma ki sani tun annobar korona ta 2020 kantunan Walmart suka daina kwana a buɗe, galibinsu ƙarfe goma sha ɗaya suke rufewa sai shida na safe. Wanda ya dogara da ban-ɗakin kanti, to cikin dare ba shi da shi.

Yanzu bari mu zo kan abin da abokin aikin bai lissafa ba, domin ina zaton shi kaɗai yake tafiya ko shi da matarsa: ruwa. Motar da na ɗauka haya tankinta galan 40 ne, kusan lita 150, wato jarka shida ta lita 25. Ki raba wannan tsakanin mutum shida, manya uku suna alwala sau biyar ko sau uku in an haɗa salloli, ga buta a ban-ɗaki, ga wanke-wanke, ga yara. Ko wanka ba a taɓa ba. A gidanmu kwana ɗaya da wuni ya yi mana. Kuma duk abin da ya fita daga tankin ruwan kirki, ƙarƙashin motar yake komawa cikin wasu tankuna biyu, ɗaya na ruwan wanka da wanke-wanke, ɗaya na bayan gida. Waɗannan ba a zubar da su ko'ina sai a ramin da aka tanada, kuma zubarwa a harabar kanti ko bakin hanya laifi ne mai tara. In na bayan gida ya cika a tsakiyar zafin Texas, ba sai an gaya wa kowa ba, hanci zai kawo labari.

Zafin ma abin dubawa ne. Kwaltar da ta sha ranar Yuni wuni guda tana fitar da huci har tsakar dare. Na'urar sanyaya ɗakin motar ba ta aiki da batir, sai da janareta ko wutar waje, kuma wasu kamfanonin haya da awa suke cajin janareta. Ga fitilun haraba da ba a kashewa, ga tireloli na sauke kaya kafin asuba. Saurayi zai jure. Hajiya kuwa, da ta taso daga gida ta zo ganin jikoki, ban ga dalilin gasa ta a kan kwalta ba.

Wuraren da ake biya, ni zango nake kiransu, don aikinsu ke nan. Za a ba ku fili da lamba, da wurin jona wuta mai amfiya 30 ko 50, da famfo, wasu har da bututun da za a jona wa tankin ƙazanta kai tsaye. Akwai ban-ɗaki da injin wanki. Akasari daga ƙarfe goma na dare ake hana hayaniya. Mafi shahara cikin na 'yan kasuwa shi ne KOA, wanda aka fara a Billings ta jihar Montana a 1962, shekarar da Sam Walton ya buɗe Walmart na farko a Arkansas. Ni a irin waɗannan wurare dala 50 zuwa 70 na saba biya a dare. Abin da na fi tunawa shi ne na shimfiɗa darduma a kan ciyawa na fuskanci arewa maso gabas na yi Magariba ba wanda ya dube ni sau biyu, sannan muka gasa kaza da yajin ƙuli. A harabar kanti kuwa cikin lungun mota na yi sallah, goshina na neman bugun ƙofar firiji.

Ki zaunar da maigida ku yi lissafi. Daga Houston zuwa Grand Canyon ya haura mil 1,200, zuwa da dawowa kusan 2,500. Irin motar nan mil takwas zuwa goma take yi da galan guda, ke nan mai kaɗai zai kai galan 280 ko kusa da haka, ban da kuɗin haya da kuɗin mil da ake ƙarawa. Wanda ya ɗauki wannan kaya, dala 60 ta kwana ba ita za ta karya shi ba. An sayi doki, ana ƙyashin linzami.

Ga yadda zan yi in ni ne. A tafiya ku yada zango na biya a Amarillo ko Albuquerque, duk a kan babbar hanya ta 40 suke. A Grand Canyon ɗin, ɓangaren kudu, akwai zangon Trailer Village mai wuta da ruwa, akwai kuma Mather na gwamnati wanda ba shi da wurin jona wuta, shi Mather ana kama wurinsa ta shafin Recreation.gov tun wata shida kafin ranar. Na Yuni kan ƙare da wuri, don haka yau ɗin nan a duba. Ku tafi da rigunan sanyi, wurin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 2,100, da asuba sai an rufa. Harabar kanti ku ajiye ta don dare ɗaya a dawowa, in dare ya riske ku, tankuna kuma ba a cike suke ba. A gaida Hajiya.

Tambaya: Kawu, ni ɗalibi ne, ƙaramar mota gare ni, zan je Denver daga Dallas. Ni ma zan iya kwana a harabar kanti?
Ɗan Katsina, Dallas

Amsa: Ɗana, izinin da ake magana na masu motar kwana ne, ƙaramar mota sai yadda manaja ya ga dama, kuma ita masu gadi suka fi sa wa ido. Ka fi samun kwanciyar hankali a wuraren hutawa na gwamnatin Texas da ke bakin manyan hanyoyi, doka ta yarda ka tsaya har awa 24, ban da kafa tanti. Da ka tsallaka wata jiha ka karanta allo, kowace da tata ƙa'ida. Kada ka yi barci injin na aiki gilashi a rufe, a cikin hayaƙin salansa akwai iskar guba da ba ta wari kuma tana kisa. In ɗan sanda ya ƙwanƙwasa, kunna fitilar ciki, ɗora hannuwanka a kan sitiyari, ka bari sai ya nemi lasisi kafin ka kai hannu aljihu.