Amsa ga mai son haɗa teburin da ke hawa yana sauka

Salamu alaikum ɗan uwa. Ka ce bayanka na ciwo saboda zaman kwamfuta, kana so ka haɗa tebur da kanka wanda za ka ɗaga ka yi aiki a tsaye, ka sauke ka zauna, don na shago ya yi tsada. Wallahi zai yiwu, nawa a nan Kumasi na haɗa shi kuma a kansa nake aiki. Amma ka ajiye maganar injin lantarki mai ɗaga tebur tukuna, babbar matsalar wannan tebur girgiza ce, in ya hau sama yana rawa ba za ka ji daɗinsa ba ko nawa ka kashe.

Fara da awo. Ka tsaya ka lanƙwasa hannu kamar kana buga kibod, wani ya auna maka daga ƙasa zuwa gwiwar hannu, ka zauna a sake aunawa. Yawanci na zama yana faɗawa santimita 72 zuwa 75, na tsaye kuma 100 zuwa 115, ya danganta da tsayinka.

Ƙafa kuwa ka je Suame Magazine wajen masu walda, a samo paif mai kusurwa huɗu kala biyu, ƙarami ya shiga cikin babba. Nan fa ka natsu. In babban milimita 50 ne kaurin ƙarfensa 2, cikinsa saura 46, to in ka zura mai 40 akwai sarari har 6 kuma wannan sararin shi ne rawar da nake faɗa maka, mai 45 ya fi zama daram in ka samu, amma ka zura shi da hannunka a wurin kafin ka biya don wani paif yana da tudun walda a ciki da ke tare hanya. In mai 40 kaɗai ke akwai, a huda babban a gefe a walda noti, ka riƙa ɗaure ƙusa tana danne na cikin. Kuma ko ka ɗaga har ƙarshe a bar kamar santimita 20 na ƙaramin a ciki. Ramukan fil, wato ƙarfen da ake zurawa ya riƙe ƙafa a tsayin da kake so, a haɗa ƙafafun biyu a matse a huda su tare, in ba haka ba biro zai riƙa gangarowa daga kan tebur. Kar a manta da ƙarfen da zai haɗa ƙafafun ta baya.

Saman tebur sai Sokoban Wood Village, kasuwar katako ta nan Kumasi. Katakon odum yana da kyau da ƙarko amma nauyi gare shi, kai za ka ɗaga fa. Katakon wawa ba nauyi, sai dai laushi kuma ƙwari na sonsa. Ni filawud mai milimita 18 na fi so, santimita 120 da 60 ya isa. In katako za ka saya ka tabbata ya bushe, ɗanye yana lanƙwashewa da hunturu ya shigo.

In ka nace sai mai inji, duba wutarsa, tamu volt 230 ce, na Amurka 120. Inji biyu kuma dole akwatin da ke daidaita su, sannan ka tuna dumsor, wato ɗauke wutar da ake yi a Ghana, in wuta ta tafi yana sama to a sama zai kwana.

Gaskiyar da zan faɗa maka tsakani da Allah, mai fil ba a canja shi kowane awa, sai ka sauke sikirin kuma ya fi sauƙi da mutum biyu. In sau da yawa kake son tashi da zama a rana, ka bar shi a tsayin tsaye, kafinta ya yi maka doguwar kujera mai wurin ɗora ƙafa, haka nake yi yanzu kuma bayana ya samu sauƙi. Wayoyi ma ka bar musu tsawo kar su fizge. Turo min awon gwiwar hannunka da faɗin ɗakin in lissafa maka tsawon paif ɗin. Allah ya ba ka lafiya.